Sanarwar Bayan Taro Kan Tsofaffin Duwatsun Gadarif da Burbushin Halittun Farko

Ƙungiyarmu ta malaman makarantu Hausawa masu koyar da labarin ƙasa da kimiyya a Jihar Gadarif tana sanar da 'ya'yanta da sauran jama'a cewa ta kammala taronta na ƙara wa juna sani. An gudanar da taron ne a birnin Gadarif bayan an kai riɗi gida, dawa kuma tana jiran magirbi. Maudu'insa shi ne tsofaffin duwatsun da ke ƙarƙashin wannan jiha tamu, da irin alamomin rayuwar farko da ake samu a duwatsu masu shekaru irin nasu.

Ban da malamai maza da mata na firamare da sakandare, taron ya samu halartar limamai, da manoma, da masu haƙar rijiyar burtsatse, da masu fasa dutse, da matasa masu neman zinare a Butana, da ɗalibai. Da gangan aka haɗa su wuri guda, domin mai haƙa ya san cikin ƙasa da hannunsa, malami kuma ya san ta a littafi, kowannensu yana da abin da zai ƙaru da shi a wurin ɗan'uwansa.

Dalilin kiran taron shi ne koken da malamai suka daɗe suna yi. Yaro ya haddace sunayen duwatsu ya ci jarrabawa, amma a miƙa masa dutsen da ya yi tuntuɓe da shi a ƙofar gidansu, ya kasa faɗin ko wane iri ne. A gefe guda kuma injinan fasa dutse da na niƙan zinare suna ta aiki ba dare ba rana, ba wanda ya tsaya ya duba abin da ake niƙewa.

ABUBUWAN DA TARO YA FAHIMTA

1. Tsawon zamanin da ake magana a kai. Masana sun ƙiyasta shekarun duniya da miliyan 4,540. Daga farkonta har zuwa kimanin shekara miliyan 539 da suka wuce, shi ne zamanin da ake kira Gabanin Kambiriya, kuma ya cinye kusan kashi 88 cikin 100 na tarihin duniya gaba ɗaya. Ba da ka ake faɗin waɗannan alƙaluma ba. A cikin duwatsu akwai wata 'yar ƙwayar ma'adini mai suna zirkon, wadda sai da madubin ƙara girma ake ganinta sosai. Lokacin da take ƙulluwa tana ɗaukar sinadarin yuraniyom, amma ba ta ɗaukar dalma. Shi kuwa yuraniyom yana rikiɗewa ya koma dalma sannu a hankali, bisa ma'aunin da ba ya sauri ba ya jinkiri: rabin nau'insa mai lamba 238 yana rikiɗewa ne cikin shekara miliyan 4,470. Idan aka auna yawan dalmar da ta taru a cikin ƙwayar, sai a san shekarunta. Ta wannan hanya aka gane cewa wasu duwatsu a Acasta ta ƙasar Kanada sun kai shekara miliyan 4,000, wasu ƙwayoyin zirkon kuma a tsaunukan Jack Hills na Ostareliya sun kai miliyan 4,400.

2. Hawa huɗu na ƙasar Gadarif. Wani dattijo da ya ga jiya ya ga yau a aikin burtsatse ya zayyana wa mahalarta abin da inji yake fitarwa idan ana haƙa a kewayen birnin. Da farko baƙar laka ce mai danƙo, wadda ke manne wa ƙarfe sai an kankare. Can sai kan inji ya fara kuka, gari mai launin toka ya riƙa tashi, an shiga baƙin dutse ke nan. Idan aka yi haƙuri aka huda shi, sai yashi fari ko ja-ja ya fara fitowa, kuma a nan ne ake sa ran ruwa. Ƙarƙashin yashin akwai wani dutse mai tsananin tauri, wanda in an kai gare shi sai mai aiki ya fara tunanin naɗe kayansa. Masu gabatar da maƙala sun ɗora shekaru a kan wannan bayani. Baƙar lakar ita ce auta, ta samu ne daga ruɓewar baƙin dutse, kuma ita ce ta mayar da Gadarif rumbun dawa da riɗi na Sudan tun da aka fara noman tarakta a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940. Baƙin dutsen narkakken aman wuta ne da ya malala ya daskare kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, a zamanin da aman wuta ya gina tsaunukan Habasha. Dutsen yashin, wanda masana suka sa wa sunan Gadarif, tsofaffin koguna ne suka shimfiɗa shi a zamanin manyan dabbobin nan na dinoso. Na ƙarƙashi kuwa, mai taurin nan, shi ne na Gabanin Kambiriya, harsashin da komai ya zauna a kai.

3. Inda harsashin ya fito fili. A filin Butana, arewa maso yamma da birnin Gadarif, da yankin Ƙala'un Nahal ta kudu maso yamma, wannan tsohon dutse ya ɗago kai sama, ana ganinsa ana taɓa shi. Yana cikin abin da masana ke kira Garkuwar Larabawa da Nuba, wadda ta ƙullu tsakanin kimanin shekara miliyan 900 zuwa 550 da suka wuce. A wancan lokaci wani babban teku ne a wannan wuri, da jerin tsibiran aman wuta a cikinsa. Tekun ya yi ta tsukewa, tsibiran suka yi ta karo da juna suna haɗewa, har suka zama doron ƙasa. Daga baya ne Bahar Maliya ta buɗe ta raba garkuwar biyu, rabi a Sudan da Masar da Eritiriya da Habasha, rabi a Saudiyya da Yaman. Tsaunukan Ƙala'un Nahal suna ɗauke da ɓaraguzan ƙasan wancan teku, waɗanda karon ya tunkuɗo su sama. An zagaya da samfurinsu a zauren taro hannu da hannu: koren dutse mai santsi da ake kira safantinait, da farin dutsen hoda mai laushi wanda farce ke iya zana shi, da baƙin ma'adinin kuromait mai nauyi. Wani manomi da ya riƙe koren dutsen ya daɗe yana juya shi, ya ce shekara da shekaru yana ganin irinsa, bai taɓa kawowa a ransa cewa daga ƙasan teku ya fito ba. Littafin A. J. Whiteman na 1971 kan duwatsun Sudan yana cikin tsofaffin ayyukan da har yau ake komawa gare su a wannan fanni.

4. Zumuncin duwatsunmu da na ƙasar Hausa. A daidai zamanin da tsibiran nan ke haɗewa a gabas, wani karo makamancinsa yana faruwa a yamma, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Shi ya haifar da manyan duwatsun giranit irin su Kufena ta Zariya da Kwatarkwashi ta Zamfara, waɗanda J. D. Falconer ya yi bayanin jinsinsu a littafinsa na 1911 kan Arewacin Najeriya. A 1964 masani W. Q. Kennedy ya raɗa wa wannan babban al'amari suna Fan-Afirka, kuma da shi ne sassan Afirka suka ɗinke cikin babbar nahiyar Gondwana. Kakanninmu da suka biyo hanyar Hajji suka yada zango a Gallabat da Gadarif, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, sun taso ne daga kan wani dutse suka sauka a kan tsaransa. Taro ya ga cewa wannan ƙofa ce mai kyau ta shigar da yaranmu darasin, domin yaro ya fi riƙe abin da ya shafi gidansu.

5. Kamannin halittun farko. A mafi yawan wannan dogon zamani babu mai ƙashi, babu mai ɓawo, babu itace, babu ciyawa. Rayuwa tana cikin ruwa ne, a jikin ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke taruwa su yi shimfiɗa mai yauƙi irin ta gansakuka a gaɓar teku. Laka da garin farar ƙasa su manne a kan shimfiɗar, su kuma halittun su ratso sama neman hasken rana su yi sabuwa. A haka hawa ke hawan hawa har ya zama tudun dutse. Idan aka tsaga shi za a ga layuka a lanƙwashe, tamkar ƙorai da aka kife ɗaya bisa ɗaya. Sunansa a wurin masana sitiromatolait. Wasu daga cikin waɗannan halittu su ne suka riƙa fitar da iskar oksijin, har ta fara taruwa a sararin sama kimanin shekara miliyan 2,400 da suka wuce. Ke nan iskar da muke shaƙa a yau, da ikon Allah, ta hannun waɗannan ƙananan bayi nasa ta faro.

6. Wuraren da aka same su. Mafi tsufa da aka yarda da su suna Pilbara ta Ostareliya, masu kimanin shekara miliyan 3,480. A Barberton ta Afirka ta Kudu akwai alamomin shimfiɗar ƙananan halittu da suka haura miliyan 3,200. A 1954 Stanley Tyler da Elso Barghoorn suka ga jikin halittun kansu ta madubin ƙara girma a cikin dutsen ƙanƙara na Gunflint a Kanada, mai shekara miliyan 1,880. A Atar ta Muritaniya, sitiromatolait masu kimanin shekara miliyan 1,100 sun shimfiɗu a fili cikin hamada. A 2010 Abderrazak El Albani da abokan aikinsa suka bayyana samfura fiye da 250 daga Franceville ta Gabon, masu shekara miliyan 2,100, waɗanda suka ce burbushin manyan halittu ne, ko da yake har yanzu masana na muhawara a kansu. A ƙarshen zamanin Gabanin Kambiriya ne aka fara samun halittu masu taushin jiki da ido ke gani, waɗanda Reginald Sprigg ya gano tambarinsu a tsaunukan Ediacara na Ostareliya a 1946. A 2004 aka amince a duniya da sa wa zangon da ya faro daga shekara miliyan 635 da suka wuce sunan wannan wuri. A Namibiya kuma Gerard Germs ya yi bayanin Cloudina a 1972, wata 'yar halitta mai siffar bututu da ke cikin na farko da suka yi wa kansu ɓawo. Har yau akwai sitiromatolait masu rai suna girma a Shark Bay ta Ostareliya, kuma da su ake gane yadda na dā suka samu.

7. Matsayin namu duwatsun. Taro ya ja hankalin 'ya'yan ƙungiya da su faɗi gaskiya ga ɗalibai ba tare da zuzutawa ba. Mafi yawan tsofaffin duwatsun Butana da Ƙala'un Nahal sun sha zafi da matsi lokacin karon nan, sun narke ko sun murɗe, kuma irin wannan wahala tana shafe tambarin halitta. Inda ya kamata a zuba ido shi ne duk wurin da aka ga dutsen farar ƙasa ko na mabul a tsakanin tsofaffin duwatsu, musamman wanda layukansa na asali ba su ɓace ba. Abin da ke ƙarfafa gwiwa yana maƙwabtanmu: a yankin Tambiyen na Tigrai, cikin wannan garkuwa tamu guda, akwai duwatsun farar ƙasa masu kimanin shekara miliyan 800 zuwa 720 ɗauke da sitiromatolait, a samansu kuma akwai shaidar ƙanƙarar da ta lulluɓe kusan dukkan duniya kimanin shekara miliyan 717 da suka wuce. Ruwan da ke wanke waɗannan duwatsu yana gangarowa kogin Takaze, wanda mu muke kira Setit, ya haɗu da Atbara kusa da Shuwak a cikin jiharmu. Haka nan kada a cakuɗa zamani da zamani. Itacen da ya zama dutse, wanda ake tsinta a dutsen yashi na Gadarif, ƙane ne na nesa ga halittun Gabanin Kambiriya. Ƙasusuwan giwaye da dorina da kayan aikin dutse da ake samu a gaɓar Atbara wajen Khashmul Girba, da ƙoƙon kan mutum da aka tono a Sinja a 1924 mai kimanin shekara 133,000, duk na jiya-jiya ne idan aka gwada su da harsashin. Kowanne da darajarsa, kowanne da gurbinsa.

8. Darasi na musamman ga malamai. An daɗe ana koyarwa cewa ba a samun burbushin manyan halittu a duwatsun Gabanin Kambiriya. A 1956 wata ɗaliba mai suna Tina Negus ta ga tambari mai siffar ganye a jikin wani dutse a dajin Charnwood na Ingila, ta kai labari makaranta, aka ce mata ba zai yiwu ba. Bayan shekara guda wani ɗalibi, Roger Mason, ya ga wannan tambari, ya samu wanda ya saurare shi, masani Trevor Ford ya je ya gani da idonsa, ya buga bayaninsa a 1958 da sunan Charnia. Da wannan ne duniya ta amince cewa akwai manyan halittu kafin Kambiriya. Zauren taro ya yi tsit da jin wannan labari, domin kowane malami ya san sau nawa yaro yake zuwa da abu a hannu a sallame shi da tsawa.

9. Addini da binciken ƙasa. Limaman da suka halarta sun tunatar da cewa Alƙur'ani mai girma ya yi ta kwaɗaitar da bayi su yi tafiya a bayan ƙasa, su yi nazarin yadda halitta ta faro. Magabata kuma ba su yi ƙasa a gwiwa ba: Ibn Sina ya yi bayanin samuwar duwatsu da tsaunuka da yadda halitta ke komawa dutse a littafinsa Asshifa, Albiruni kuma ya dubi tsakuwar kwarin Indiya ya fahimci cewa teku ne a dā koguna suka cike shi. Malamin kimiyya da malamin allo ba su da dalilin yi wa juna kallon hadarin kaji a kan wannan fanni.

ABUBUWAN DA SUKA DAMI TARO

Na farko, ana fasa tsaunuka ana mayar da su tsakuwar gini da ta hanya ba tare da wani ya fara duba abin da ke jikinsu ba. Dutsen da ya shekara miliyan 700 yana ajiye da shaida, inji yana gamawa da shi kafin azahar, kuma babu mai iya mayar da shi.

Na biyu, tun bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 zinare ya zama babban abin dogaron ƙasa, mafi yawansa kuma talakawa ne ke tono shi da hannu. Zinaren Butana yana cikin jijiyoyin farin dutsen ƙanƙara da suka ratsa tsohon harsashin nan. Matasan da suka halarta sun bayyana yadda ake niƙa dutsen, a cuɗa garin da zaiba da hannu tsirara, sannan a ƙona curin a kan wuta, hayaƙin yana shiga hanci. Zaiba tana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, tana cutar da ɗan tayi a ciki, shi ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a kanta a 2013. Ramukan da ba a tokare ba kuma suna ruftawa da mutane. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda niƙan dutsen zinare mai ɗauke da dalma a cikin gidaje ya yi sanadin rasuwar yara fiye da 400. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na uku, koren dutsen Ƙala'un Nahal yana ɗauke da zaren asbesto a wasu wurare. Ƙurarsa idan ta shiga huhu ba ta fita, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Da yawa daga masu fasa dutse ba su taɓa jin wannan ba sai a zauren taro.

Na huɗu, jama'a suna tara kuɗi da ƙyar su haƙa burtsatse a kan tsohon harsashi, ta fito busasshiya. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsaga da ruɓaɓɓen samansa, shi ya sa mutanen Butana suka dogara da hafirai, wato tafkunan tara ruwan sama, tun zamanin dā. Sanin inda tsaga take kafin a kira mai inji zai tsare dukiyar talaka.

Na biyar, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tarwatsa jami'o'i da ma'aikatu, an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum, makarantu da dama a Gadarif kuma sun zama masaukin 'yan'uwanmu da suka rasa matsuguni. A irin wannan hali ne samfura da taswirori da rahotannin shekara da shekaru suke salwanta.

ƘUDURORIN TARO

1. Kowace makaranta da ke da ɗan ƙungiya za ta tanadi akwatin duwatsu mai ɗauke da samfurin hawa huɗun nan. Kowane dutse a rubuta masa wurin da aka ɗauko shi, da ranar, da sunan ɗalibin da ya kawo shi, domin dutsen da ba a san asalinsa ba ya rasa rabin amfaninsa.

2. Ƙungiya za ta rubuta ɗan littafi da Hausa da Larabci kan duwatsun jihar, da hotuna na gida, da ƙamus na kalmomi. Za a fara tattara sunayen da masu haƙa da masu fasa dutse da makiyaya suke amfani da su, kafin a ƙirƙiro sababbi.

3. Kowane malami zai fita da ɗalibansa aƙalla sau ɗaya a zangon karatu zuwa dutse ko rafi mafi kusa, a lokacin rani, da izinin iyaye, kuma a wurin da hukuma ta tabbatar da tsaronsa. A koya wa yara gwaje-gwaje masu sauƙi: zanawa da farce da ƙusa don gane tauri, da ɗiga ruwan lemun tsami a kan kankararren dutse don ganin ko zai yi 'yan kumfa, alamar farar ƙasa ke nan. Ɗalibai mata su samu kaso daidai da na maza a kowace fita.

4. Duk ɗalibin da ya kawo abin da ya ba shi mamaki, a karɓa, a rubuta, a bincika. An haramta wa 'ya'yan ƙungiya korar yaro da cewa ba komai ba ne.

5. Wanda ya ga layuka ko tambari a jikin falalen dutse kada ya fasa, kada ya ɓamɓare. Ya ɗauki hoto da wani abu a gefe mai nuna girma, ya rubuta wurin, ya sanar da sakatariyar ƙungiya, ita kuma ta miƙa ga masana. Ba za a yaɗa labarin an gano wani abu a Facebook ko WhatsApp ba sai masana sun tantance.

6. Ba za a shiga ƙasar kowa ba sai da sallama. Butana makiyaya ce ta Shukuriyya da sauran ƙabilu, saboda haka kafin kowace fita za a nemi iznin iyayenmu masu riƙe da sarautar Nazir da Umda da shehunan ƙauyuka, a kuma ɗauki ɗan gari ya yi jagora.

7. An kafa kwamitin wayar da kai da zai zagaya masallatai da kasuwanni da wuraren niƙa, ya yi bayani kan zaiba da dalma da ƙurar asbesto. Saƙon a taƙaice yake: kada a niƙa dutse a cikin gida, kada a ƙona zaiba kusa da mata da yara, a jiƙa dutse kafin a fasa, a rufe hanci da baki, a wanke jiki a sauya tufa kafin a shiga iyali.

8. Ƙungiya za ta buɗe rajistar rijiyoyi. Za a roƙi masu injin burtsatse su riƙa ba da bayanin zurfin da suka samu kowane hawa da inda suka ci karo da ruwa, ko da rijiyar ba ta yi ba, domin busasshiyar rijiya ma tana koyar da na baya.

KIRA GA HUKUMOMI DA JAMA'A

Taro yana kira ga Hukumar Binciken Duwatsu ta Sudan da ta sabunta taswirar Butana da Ƙala'un Nahal, ta auna shekarun duwatsun da na'urorin zamani, ta kuma sauƙaƙa sakamakon yadda malamin ƙauye zai iya karantawa.

Yana kira ga Jami'ar Gadarif da ta ware ɗaki don adana samfuran da makarantu za su tara, ta kuma ba malamai gajeren horo a lokacin hutu.

Yana kira ga gwamnatin jiha da kada ta ba da lasisin fasa wani tsauni sai masani ya zagaya shi ya rubuta rahoto, kuma a keɓe ɓangaren da ba za a taɓa ba a duk wurin da aka samu abin nazari. Maroko da Tanzaniya sun riga sun samu wuraren da UNESCO ta amince da su a matsayin gandun duwatsu, wato M'Goun da Ngorongoro Lengai, jama'ar wuraren kuma suna amfana. Mu ma muna da abin nunawa idan an tsare shi.

Yana kira ga Hukumar Kula da Kayan Tarihi da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da ta sa ido kan burbushin halittu kamar yadda take sa ido kan gine-ginen Marawi da Naƙa'a da Musawwarat, kada su fita ƙasa ta bayan fage.

Yana kira ga ma'aikatar lafiya da ta riƙa gwada masu aikin zinare da iyalansu, ta kuma taimaka wajen samar da tukunyar da ke kama hayaƙin zaiba.

Yana kira ga takwarorinmu malamai a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Maraɗi da su yi musayar hotuna da samfura da kalmomi da mu, domin a samu harshe guda na koyar da wannan fanni da Hausa daga bakin Neja har bakin Atbara.

Sama da komai, taro yana roƙon masu ɗauke da makamai su ji tsoron Allah su tsagaita, domin ba a karatu ba a bincike sai da zaman lafiya.

KAMMALAWA

An ɗora wa sakatariya alhakin aika kwafin wannan sanarwa ga dukkan hukumomin da aka ambata. Kwamitin wayar da kai da masu aikin littafi da na rajistar rijiyoyi za su gabatar da rahoton abin da suka aiwatar a zama na gaba, wanda za a yi kafin faɗuwar damina, tun hanyoyi ba su yanke ba. Allah Ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka, Ya zaunar da Sudan lafiya, amin.

Sa hannu:

Shugaban ƙungiya

Sakataren ƙungiya

Shugabar kwamitin tsara sanarwa

Gadarif, Sudan